Gayya a Gonar Saja Inuwa

A daminar alif ɗari tara da saba'in da biyar babu gonar da ake tsayawa kallo a Garin Dashi kamar gonar Saja Inuwa. Garin Dashi ɗan ƙauye ne tsakanin Toranke da Gafasa, wanda in hira ta ɗauke maka hankali sai ka wuce shi ba ka sani ba. Gonar tana gabas da tafkin garin, gero ne da ɗan wake a ƙarƙashinsa. Geron ya yi baƙi don ƙoshi, ya fitar da kai, saura 'yan kwanaki a fara gasa tumu.

Inuwa ya shiga soja ne a farkon yaƙin basasa, ya dawo gida bayan shekara biyar da igiyar saja uku da kuma ɗingishi, don harsashi ya taɓa shi a cinyar hagu. Dawowarsa ke da wuya fari ya sauka, shekara biyu a jere. Ya sayar da ragonsa, ya sayar da kekensa, har takalman sojansa sai da suka je kasuwar Ajingi ba su dawo ba. Matarsa Lauratu ce ta san yadda ta riƙe yara uku a wannan tsakanin, da tafasa da rama da abin da ya samu. Shi ya sa ran da geron bana ya fara ciki, Inuwa ya tsaya a tsakar gida ya ce mata, "Lauratu, bana kam kin gama awon yunwa, in Allah ya yarda." Ita kuwa ba mai yawan magana ba ce, ta ce Allah ya sa, amma tun daga ranar aka fara jin tana 'yar waƙa in tana daka.

A ƙarshen watan Yuli rediyon mai unguwa Tukur ya kawo labarin an yi canjin gwamnati. Aka ce sabon shugaban ƙasa soja ne da ya ja runduna a yaƙi, kuma mutumin Kano ne. Nan da nan majalisar gindin tsamiya ta juyo kan Inuwa, kowa yana so ya ji yadda mutumin yake, dogo ne ko gajere, yana dariya ko ba ya yi.

Inuwa ya ce, "Wallahi ban taɓa ganinsa ba. Rundunarmu daban, tasu daban."

Ran jama'a bai so ba. Badaru, maƙwabcinsa na gona, mutum mai baki kamar reza, ya ce, "To kai wane irin yaƙi ka je, da ba ka ga manya ba?" Aka yi dariya, har shi Inuwan.

Abin da ya fi shiga kan mutanen Garin Dashi a labaran makonnin nan shi ne yadda ake cewa an yi kaza nan take, an sallami wane nan take. Kalmar ta yi musu daɗi ƙwarai. Mai gida ya ce a kawo masa ruwan alwala nan take, uwa ta aiki ɗiya nan take, kuma babu abin da ya ƙara sauri a garin ko da taki ɗaya.

Sai ruwa ya kama. Kwana shida ana yi, in ya ɗauke da safe ya dawo da azahar. Tafkin da ya bushe ƙayau a shekarun fari, har yara suna wasan langa a cikinsa, ya cika ya tumbatsa. Da can in ya cika yana da hanyar da yake bi ya gangara fadama, amma da aka ga shekara biyu ba ruwa, sai Badaru ya haɗa hanyar da gonarsa, ya cike ta, ya yi kunyoyi a kai ya shuka gero. Ba wanda ya ce masa kanzil a lokacin, don ba wanda ya zaci tafkin zai sake cika. Yanzu ruwa ya rasa mafita, sai ya juya yamma, inda Unguwar Barebari take a gangare. Gidaje goma sha wani abu ne na jan ƙasa, na mutanen da kakanninsu suka zo daga gabas da fatauci suka zauna. A kwana na shida ruwa ya kai gindin rumbunansu, kusurwar katangar Baba Gana, dattijon unguwar, ta zube.

Aka taru a ƙofar gidan mai unguwa. Tukur mutumin kirki ne, amma irin kirkin nan da ba ya iya cewa wane kai ne ba ka da gaskiya. Kowa ya san ta inda ruwan ya kamata ya bi, kowa kuma yana kallon ƙasa, Badaru kuwa ya harɗe yana ɓare goro. Da zaman ya yi tsawo sai dabara ta faɗo wa Tukur.

Ya ce, "Jama'a, zamanin nan na soja ne. Ƙasa ma soja aka ba. Mu ma ga namu sojan. Saja, na ɗora maka aikin nan, yadda ka yi daidai ne."

Gaskiya ita ce kan Inuwa ya ɗan kumbura. Shekara uku ke nan yana zaune ba wanda ya tuna da igiyoyinsa sai in za a yi masa ba'a. Ya miƙe tsaye, ya gyara murya, ya ce gobe da an idar da sallar asuba duk namijin da ya isa riƙe fartanya ya hallara a bakin tafki, a yi layi. Za a buɗe tsohuwar hanyar ruwa ta cikin gonar Badaru. Har ya ƙara da cewa nan take. Badaru ya tofar da tuƙar goro ya ce, "Allah ya kai mu," ya tashi ya tafi.

Gari na wayewa Inuwa ya fito da tsohuwar rigar kakinsa da ta sha ninki a ƙasan akwati, ya rataya usur a wuya. Ya tsaya a bakin tafki ya busa har sau uku, da ƙarfin da ya sa balbelu suka tashi. Waɗanda suka amsa kira su ne Baba Gana da mutum uku daga unguwarsa, sai wasu awaki da suka zo ganin abin da ake yi. Can a bakin gona Badaru ne zaune da ƙannensa biyu, kowa da sanda a gefensa. Sauran mazan gari kuwa, wannan ciwon baya ya tashi masa, wancan ya tafi Gaya ganin likita, wani kuma ya kwana da zazzaɓin da zai warke kafin azahar.

Ba tsoron sandar Badaru ya hana su ba. A Garin Dashi kowa surukin kowa ne. Wanda ya sa magirbi a ɗanyen geron maƙwabcinsa a kan umarnin wani, da wane ido zai dube shi a wurin suna ko jana'iza? Saja ya manta da wannan, don ya daɗe a inda in aka busa usur ba a tambayar dalili.

Kunya ta kama shi, irin wadda ba ta taɓa kama shi ba. Ya zauna a kan wani kututture ya miƙe ƙafar da ke ciwo. Baba Gana ya sallami mutanensa su je su ci gaba da kwashe kaya, shi kuma ya dogara sanda ya zo ya zauna kusa da shi.

Ya ce, "Ɗana, in tambaye ka mana. Can wurin yaƙi, wannan abin busawar ne yake sa ku tashi ku shiga wuta?"

Inuwa ya so ya ce e, amma ba ya yi wa tsoho ƙarya.

"A'a, Baba. Usur na fareti ne. A daji akwai wani Kyaftin Bala da ya riƙe mu shekara biyu. Ɗan siriri ne, muryarsa ma ba ta da ƙarfi. Ban taɓa jin ya ce ku je ba, kullum mu je yake cewa, kuma kafin ka ɗaga kai yana gaba. Wata rana sai mun ratsa wata gonar rogo da ake zaton an binne nakiya, mu wajen sittin muka tsaya muna kallon juna. Ya ce mu jira, ya shiga shi kaɗai yana tafiya a hankali har ya kai ƙarshe, sannan ya juyo ya ce kowa ya taka inda ya taka. In an kawo abinci sai kowa ya ɗiba sannan ya miƙa kwanonsa. Akwai hafsoshin da suka fi shi tsawa, muna yi musu biyayya in suna kallo. Shi kuwa ko ba ya nan ba ka iya saɓa masa."

"Yana ina yanzu?"

"Bai dawo ba."

Baba Gana ya yi masa addu'a. Sannan ya ce, "To ka ga nan garin ba a kiran mutum aiki a gonar wani. Mai gona shi ke kiran gayya, ya raba goro, ya ciyar. Wanda ya karɓi goronka ko ba ya ƙaunarka sai ya zo. Tun da muka zo garin nan haka muka tarar."

"Badaru ba zai kira ba."

"Ba zai kira ba."

Inuwa ya ɗaga kai ya dubi gabas. Gonarsa tana manne da ta Badaru, ita ma ƙarshenta yana gangarawa fadama, sai dai hanyar ta fi tsawo. Ya daɗe yana kallon geron yana kaɗawa. Baba Gana ya ga inda idonsa ya tsaya, ya yi sauri ya ce, "Ni ban ce ba, ɗana. Allah shaida ban ce ba."

"Na sani, Baba," in ji Inuwa. Ya cire usur ɗin ya sa a aljihu.

Ya tarar da Lauratu tana shanya kuɓewa a ɗan hasken ranar da ya fito. Ya tsuguna a bakin ɗaki ya faɗa mata komai, bai yi kwana-kwana ba. Ta ajiye faifan, ta dube shi tun daga kakin har ƙasa.

"Malam, shawara ka zo ko sanarwa?"

"Shawara."

"To Badaru ne ya toshe hanya, kowa ya sani. Don me sai geronmu?"

"Don nawa ne kaɗai nake da ikon sarewa. In aka ƙara kwana biyu ana gardama, gidajen can za su kwanta da abin da ke cikinsu. Amma in kin ce a'a..."

"Kada ka ɗora mini!" Ta ɗaga murya, abin da ba ta saba ba. "Kada ka sa a ce Lauratu ce ta rushe gidan Hajja Fanta. Matar da ta riƙa aiko mana da tsaki lokacin da ba mu da ko na kunu."

Hajja Fanta uwargidan Baba Gana ce. Inuwa bai san da maganar tsakin ba sai ranar, kuma ya ji nauyin abin. Lauratu ta share ido da bakin mayafi, ta ce, "Kunya nawa za a sare?"

"Shida, daga sama har ƙasa."

"Shida ka ce?"

"Shida."

"Kuma ni zan yi wa masu sarewar tuwo da ɗan hatsin da ya rage."

"Haka gayya take."

Ta ɗauki faifanta ta ce, "Tafi ka cire rigar nan, wari take."

Ya cire. Da 'yar taguwarsa ta noma ya bi gari gida-gida yana ɗingishi, da ƙullin goro a hannu. Inda dattijo yake ya durƙusa ya gaishe shi, inda sa'ansa yake ya yi masa wasa. Bai ɓoye wa kowa komai ba: gobe da safe gayya ce a gonarsa, za a haƙa wa tafki hanya, a zo da diga da shebur da kwanduna. Masu zazzaɓi duk sun warke, suka karɓi goro suna sunkuyar da kai. Inuwa bai taɓa ƙin zuwa gayyar kowa ba tun da ya dawo, da ƙafar tasa a haka, kuma sun sani.

Gidan Badaru ya je ƙarshe. Badaru ya fito yana hura hanci, a shirye yake da faɗa. Inuwa ya ce, "Jiya na yanke hukunci a kan gonarka ba tare da na tambaye ka ba. Ban kyauta ba. Ga goron gayyata. Ta cikin tawa za a bi, kai ko kara ɗaya ba za a taɓa maka ba, na yi maka alkawari." Maƙwabta biyu suna tsaye suna ji. Badaru ya miƙa hannu. Ya karɓi goron.

Da safe mutum fiye da arba'in suka taru a bakin gonar, har da Badaru da digarsa, har da makaɗin gangar noma da ya zo daga wani ƙauye don ya ji ana gayya. Inuwa ya nuna kunyoyi shida da ke gefen kudu, wajen iyakarsa da Badaru, ya ce sai an fara sare geron kafin a haƙa. Ya ce bismilla.

Ba wanda ya motsa. Manomi ne kowannensu, kowa ya san abin da aka sha kafin geron nan ya kai haka. Ga kai ya fito, ga ƙwaya ta fara nono. Suka yi cirko-cirko da kayan aiki a hannu. Makaɗin ya ɗaga gula ya sauke, don duk kiɗan da ya gada na shuka ne da noma da girbi, bai san wanda ake yi wa sare ɗanyen gero ba.

Inuwa ya karɓi magirbi a hannun wani ya shiga kunyar farko. Ya sari gindin farko, geron ya kwanta. Ya sari na biyu. Ya san kowane gindi a wurin, shi ya zuba musu taki da kwando a ka, shi ya cire musu ƙuduji da hannu. Idonsa ya kawo ruwa, bai ɓoye ba kuma bai tsaya ba. Haka ya yi ta tafiya yana jan ƙafa, yana sara, har ya kai ƙarshen gonar shi kaɗai. Da ya juyo sai ya hangi Baba Gana, mai shekara saba'in da ɗoriya, ya shiga kunya ta biyu yana sara da ƙyar. Ganin tsoho a ciki ya sa samari suka ji kunya, suka ƙwace magirbin a hannunsa. Kafin hantsi an kwantar da kunya shida, an fara haƙa. Makaɗin ya kama kiɗan huɗa kawai, aka tafi a haka.

Aiki ya yi kyau. Inuwa ya raba su kashi uku, masu haƙa da masu kwasa da masu hutawa, suna juyawa, shi kuma bai fita daga ramin ba. A nan kam abin da ya koya a soja ya yi amfani, kuma ba wanda ya yi masa gardama. Da tuwo ya iso daga gida da azahar, ya tsaya sai da kowa ya ci sannan ya zauna a kan ragowar.

Suna cikin ci Baba Gana ya ja shi gefe, ya kai shi can ƙasan gonar inda ramin ya matso iyakar Badaru. Ya damƙo ƙasa ya murza, ta zube ta tsakanin yatsunsa.

"Ka ga nan rairayi ne. Tsohuwar hanyar kuma ga ta nan, taki biyar tsakaninku. In ruwa ya zo da ƙarfi zai ci gaɓar nan. Karkatar da ramin arewa, ta wajen marken can, inda ƙasar take da laka."

Inuwa ya auna da ido. In aka karkata sai an ƙara sare kunya uku, ko huɗu. Ya tuna fuskar Lauratu da ta ce shida ka ce. Hadari kuma ya fara haɗowa daga gabas.

Ya ce, "Baba, a wurin yaƙi na haƙa ramuka a ƙasar da ta fi wannan laushi. Za mu daddale gaɓar da karan da muka sare, zai riƙe."

"Ramin da ka haƙa mutum ne ya kwanta a ciki, ba ruwa ba," in ji tsohon. Amma bai ja ba, ya ce Allah ya sa ya riƙe.

Da la'asar aka fasa bakin tafki. Ruwa ya shigo ramin ja wur, yana tafe da ciyayi da kwaɗi, ya miƙe ya gangara fadama. Jama'a suka yi kabbara. Daidai nan sama ta sake, ruwa kamar da bakin ƙwarya, kowa ya kwashi kayansa ya yi gida. Kafin magariba aka aiko daga Unguwar Barebari cewa ruwan ya fara ja da baya daga gindin rumbuna.

Washegari da safe labari biyu suka zaga gari. Na farko, ba gidan da ya faɗi, ruwa ya janye har an ga sawun kaji a inda jiya ake shiga iya gwiwa. Na biyu, gaɓar da Baba Gana ya nuna ta zube. Ruwan ya ci ƙarin kunyoyi na Inuwa, ya fasa iyaka ya koma tsohuwar hanyarsa, ya kwantar da geron Badaru tun daga tsakiyar gona har ƙasa, ya binne shi da yashi.

Aka sake taruwa, wannan karon ba da goro ba. Badaru yana zaune a kan tudun iyaka ya dafe kai. Yana da mutum tara a gidansa. Mutane suna ta ƙus-ƙus cewa ai ruwa hanyarsa ya bi, wanda ya toshe ta shi ya jawo wa kansa. Mai unguwa Tukur ya ji daɗin samun maganar da ba za ta ɓata wa kowa ba, ya ce wannan ƙaddara ce, kowa ya yi haƙuri, a yi fatiha.

Da Inuwa ya yi shiru, da shi ke nan, ba mai ganin laifinsa. Shi ma ya san haka, kuma ya so ya yi shirun, don ya riga ya dubi abin da ya rage na gonarsa. Amma ya ce, "Ranka ya daɗe, a dakata da fatihar."

Aka juyo.

"Ƙaddara ce, amma ta hannuna ta biyo. Baba Gana ya nuna mini wurin nan jiya, ya ce in karkata, na ƙi, don ina jin ƙyashin kunya uku. Kuma na yi wa Badaru alkawari a ƙofar gidansa, a gaban mutane, cewa ba za a taɓa masa kara ɗaya ba. A kan wannan alkawarin ya zo ya yi mini haƙa."

Wani ya ce, "Haba Saja, ai shi ya fara..."

"Wannan tsakaninsa da mai unguwa ne, da rani a zauna a fitar wa ruwa hanyarsa. Ni maganata nake yi."

Ya tafi ya bi ɓarnar da ƙafa yana duba iyakarta. Sannan ya shiga abin da ya rage na gonarsa, daga gefen ramin, yana kama ganyen gero yana ƙullawa a bakin kowace kunya, yadda ake yi in an yi wa wani alama. Ya ƙulla daidai faɗin abin da ruwa ya ci wa Badaru. Ya ce, "Daga ƙullin nan zuwa rami naka ne. In ya nuna ka zo ka girbe."

Badaru ya miƙe. Ya ce ba zai karɓa ba, ya rantse, ya kuma rantsewa. Inuwa ya ce masa, "Mutum tara gare ka. Rantsuwar ka yi kaffara." Sai Badaru ya koma ya zauna ya rufe fuska da hula. Nan mutane suka fara cewa in an yi girbi kowa zai kawo wa Saja dami, Baba Gana ya ce shi ne na farko. Inuwa ya yi godiya. Ya san garinsu, ya san wasu za su kawo wasu kuma za su manta, kuma ko duk sun kawo ba zai kai rabin abin da ya tafi ba. Kowa daga fari ya fito.

Abin da ya ba shi mamaki shi ne da ya juya zai tafi, ba wanda ya watse. Suna tsaye suna jira. Ɗaya daga cikin ƙannen Badaru ne ya ce, "Saja, gaɓar nan fa? In aka sake ruwa za ta ƙara ci." Inuwa ya ce a karkatar da ramin ta wajen marke, yadda Baba ya faɗa tun farko, Baba Gana ya nuna musu wurin. Bai ɗaga murya ba. Kafin ya kai bakin hanya ya ji ƙarar diga a bayansa. Jiya da shekaranjiya abin da yake nema ke nan, yau ya samu, kuma bai ji daɗin komai ba, don gida zai je.

Lauratu tana tsakar gida tana wanke tukwanen gayya. Labari ya riga shi isowa, ya gani a yadda ba ta ɗago ba. Ya tsaya a bakin ƙofa.

Ta ce, "Shida ka ce."

"Shida na ce."

"Yanzu me ya rage?"

"Bai kai rabi ba."

Ta ci gaba da cuɗa tukunya har ta gama, ta kife ta. Sannan ta ce, "Gidan Hajja Fanta fa?"

"Yana tsaye. Duk suna tsaye."

Ta gyaɗa kai. Ta tashi ta nufi bayan rumbu inda kaji suke shan ruwa, ta ɗauko wata 'yar ƙwarya mai tsagaggen baki, ta zubar da ruwan. Inuwa ya gane ta. Da ita ta riƙa auna musu hatsin yini a shekarun fari, da damina ta kama bana ta jefa wa kaji. Ta wanke ta ciki da waje da toka, ta goge da zanenta, ta ajiye a kan buhun hatsi, ta ɗauke babbar ƙwaryar da take awo da ita bana ta rataye.

"Ban ce ka yi laifi ba, Malam," ta ce. "Amma daga yau da wannan za a riƙa awo har wata kakar. Kai za ka gaya wa yara, ba ni ba."

Inuwa ya ce to. Ya jawo tabarma ya zauna, ya miƙe ƙafar da ke ciwo, ya kira su ɗaya bayan ɗaya da sunayensu.